Askin Mai Bargo

"Ba haka ba, Ɗan Boko. Bi kwanciyar gashin, kada ka yanko mata fata."

Na sassauta almakashin. Baba Mai Madara na zaune a kujerar roba, igiyar saniyar a cinyarsa, goshinta a tafin hannunsa. Hannun na rawa. Shi ya sa almakashin ke wurina.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Tun da na gama sakandare nake zaman gindinta, ba aiki, ba hira. Ran nan ya leƙo ya ce, "Tunda zaman kake yi, zo ka yi shi a nan."

Shanunsa biyu. Ɗaya sunanta Santsi, ja ce, gashinta gajere, kwance luf kamar an shafa mata mai. Da tsakar rana za ka gan ta a fili tana cin dusa, ko a jikinta. Ɗayar baƙa ce, jinin shanun ƙasashen sanyi, gashi cunkus har wuya. Mai Bargo yake ce mata. Ɗansa, Yaya Direba, shi ya sayo masa ita lokacin sanyi, tana cika bokiti safe da yamma. Da zafi ya shigo sai ta raɓe jikin bango, baki buɗe, harshe waje, yawu na dalala. Ta rage ci. Nono ya janye.

Yaya Direba ya riga ya yi magana da mahauci. Ranar Asabar zai zo ya tafi da ita.

"An cuce ni ne kawai, Baba," ya ce daga bakin ƙofa, makullin mota a hannunsa. "Mai ciwo suka sayar mini. Gara a yanka tun tana da nama."

"Ba wanda ya cuce ka. Kai ma sa rigar sanyi ka shiga motarka da azahar, mu ga ko za ka iya cin abinci."

"To aski ne zai warkar da ita?"

"Ka bar ni da ita zuwa Asabar ɗin."

Yaya Direba ya dube ni, ya dubi almakashin ɗinkin mahaifiyarsa, Inna, da ke hannuna. "Wanzamin shanu, sannu da aiki." Ya fita.

Aikin ba ya sauri. Mai Bargo ba ta tsayawa sai Baba na riƙe da kanta yana mata magana ƙasa-ƙasa, shi kuma ba ya jure zama fiye da rabin awa kafin numfashinsa ya fara sarƙewa. Kwana uku muka yi a gefen hagu. Yatsuna suka yi bororo.

"Yaron nan don ya faranta mini ya sayo ta," ya ce a rana ta uku. "In aka yanka ta, har ya tsufa zai riƙa jin ya yi wauta. Ka gane?"

Na ɗaga kai.

"Kai dai bakinka sai ka ce haya kake biya."

Ranar Laraba bai fito ba. Inna ta ce in shiga. Ɗakin na warin man zafi. Fanka na juyawa a hankali, an jingina Baba da matasai biyu, kofin shayinsa a kan akwati har ya yi fata.

"Saura gefen dama," ya ce.

"Za mu yi, Baba."

"Ƙarƙashin wuya ka yi a hankali. Tana jin cakulkuli."

Kafin la'asar na ji kukan Inna ta kan katanga.

Washegari na gwada ni kaɗai. Da jin ƙarar almakashi Mai Bargo ta fizge, ta maka ni da kwatarniyar ruwa. Haka ta zauna, rabi a aske, rabi da bargo. Masu zuwa gaisuwa in sun fito suna share ido, sai su hango ta su sunkuyar da kai, kafaɗu na motsi. Wata tsohuwa ta ce, "Allah ya jiƙansa, har saniya sai da ya bar wa abin dariya."

Asabar da hantsi mahauci ya zo da igiyarsa. Yaya Direba ya fito, idanunsa jajir, ya nufi turke.

"Yaya," na ce. "Taɓa nan tukuna."

Ya tsaya. Ina jin ya yi mamakin jin muryata ne. Ya ɗora hannu a gefen da muka aske. Fatar da danshi, iska ta sanyaya ta.

"Yanzu zagayo. Cusa yatsunka ciki."

Ya cusa su cikin gashin dama. Ya daɗe bai cire ba.

"Kamar gindin tukunya," ya ce.

"Zufar na ciki. Ba ta da hanyar fita."

Mahauci ya gyara tsayuwa. "Ni dai da gashi ko ba gashi, duk fata ce zan feɗe. A kwance ta?"

"Ka yi haƙuri, ka yi tafiyar banza."

"To, in kun gama gyaran amaryar, ku aiko mini da katin biki."

Bayan ya tafi Yaya Direba ya riƙe igiyar, na matso da almakashi. Ta yi turjiya, ta buga ƙafa. Ya lallashe ta, ya yi mata tsawa, duk a banza.

Inna ta fito daga ɗaki, karo na farko tun Laraba. Tsohuwar rigar da Baba ke sawa in zai yi tatsa ce a hannunta, mai tabon nono a gaba. Ta yafa wa ɗanta a kafaɗa, ta koma.

Mai Bargo ta miƙo wuya ta shinshina rigar. Ta ja numfashi mai tsawo, ta tura hancinta cikin hammatarsa, ta tsaya.

Na fara daga kafaɗa. Yaya Direba ya juya fuskarsa wajen bango. Baƙin gashi na sauka a kan ƙafafunmu.