Goggo Ba Ta Cin Kati

A Kano aka bugo katin bikin Murja, don Anti Zulfa ta ce masu buga kati na Dutse ba su gama wayewa ba. Anti Zulfa 'yar wan baban Murja ce, tana aiki a sakatariya, kuma tun da ta je wani biki a Kaduna take yi wa bikin kowa kallon tausayi.

Katin kam ya yi kyau, ba ƙarya. Fari mai kauri, ruwan zinare a gefe, ga ƙamshi kamar an yi ɓarin turare. Turanci ne tun daga sama har ƙasa. Baban Murja direba ne, amma an jera masa wasu haruffa a bayan suna, har sai da ya tambayi ko na mene ne. Ango Maharazu kuma ya tashi Injiniya, tunda yana gyaran janareta. Akwai layin dina a ciki, sai dai kafin katin ya iso aka ƙaddamar da shari'a, dole aka zauna aka bi kowane ɗaya da 'yar farar takarda aka liƙe dinar, aka rubuta walima. In ka ɗaga shi a rana kana hango dinar a ƙasa, ta yi lamo.

Murja duk ba wannan ne a gabanta ba. Mutum ɗaya take so ta gani, Goggo Rabi, yayar babanta, wadda ta riƙe ta a wani ƙauye bayan Jahun tun rasuwar mahaifiyar Murja, har zuwa lokacin da aka yi sabuwar jiha baban ya samu aiki a Dutse ya ɗauko ta. Tun tana ƙarama ta sa a ranta Goggo ce za ta kama hannunta ta kai ta ɗakin miji. In ba ita ba, to wa?

"Anti, Goggo fa goro za a kai mata," in ji Murja.

"Goro? A wannan zamanin? Ke dai an fito da ke daga ƙauye, ƙauyen ya ƙi fita daga jikinki. Na ware mata kati mai ambulan, irin na manyan baƙi."

Aka ba wani direban Jahun ya kai.

Biki ya matso, gidansu na unguwar Yalwawa ya fara cika. Mutanen Garki sun zo da kajinsu, na Kano sun zo da tabarau. Duk ɗan acaɓan da ya tsaya a ƙofa sai Murja ta leƙa ta taga. Ta ga goggonnin mutane iri-iri, ban da tata. Har ƙamshin zanen Goggo take ji a hancinta, hayaƙin kara da man shanu, sai ta juya ta ga ashe wata ce ke ɗumamen tuwo. Aka kawo mata leshi ta gwada, ta gwada. Aka ce ta yi dariya, ta yi musu daidai gwargwado.

Ana gobe za a sa ta a lalle, da hantsi, ta zura hijabi ta ce za ta wajen tela. Ta biya kasuwa ta zaɓi goro fari manya-manya, aka naɗe mata a ganye, ta wuce tasha.

Ta tarar da Goggo a tsakar gida tana tsince wake. Goggo ta amsa sallama, ta dube ta sama da ƙasa, ta ci gaba da wakenta.

"Ah, mutanen birni ne. Ɓatan hanya kika yi?"

"Goggo, ba a kawo miki kati ba?"

"An kawo. Ga shi can a jikin jere, ya ƙawata min kwanuka. Malam Bubayero na makarantar boko ya karanta min, ya ce Mista da Misis ake nema. Na duba gidan nan kaf, har akurkin kaji, ban ga ko ɗaya ba."

"Goggo, gayyata ce fa."

"Gayyata? Ni da na goya ki, kika yi min fitsari a baya, a aiko min da takarda ta hannun direba kamar sammaci? Maƙwabta suka shigo suna cewa ina goron bikin 'yarki, me zan gutsura musu? Ambulan?"

Murja ta durƙusa. Ta kwance ganyen, ta miƙa da hannu biyu. Ta shirya magana mai tsawo a mota, amma da ta buɗe baki ba abin da ya fito sai, "Goggo, ki zo."

Goggo ta daɗe tana juya goron, kamar mai neman aibu. Ta zaɓi ɗaya, ta ɓare, ta kai baki. Ta tauna a hankali, idonta na kan wake.

"To, yanzu na ji ana biki," ta ce. "Wa za ki aura ma?"

"Maharazu."

"Ɗan gyaran injin nan? Allah ya sa alheri. Tashi ki miƙa wa maƙwabta nasu, ki dawo ki ɗauko min kayana a bayan ƙofa."

Da Murja ta dawo ta tura ƙofar, sai ga ƙullin kaya a ɗaure tam, sabon zane a sama ko karinsa bai fita ba. Ga garin lalle, ga daddawa, ga tabarma a naɗe da igiya. Wata kaza ta mayar da ƙullin wurin kwananta, har ta yi ƙwai a gefe. Murja ta tsaya riƙe da ƙofa, ta kasa ko korar kazar.

"Kin mutu ne a ciki?" Goggo ta kira daga waje, tana laluben takalmi. "Yi sauri kada mota ta cika. Ki zaro min takardar nan ma, motar Dutse akwai zafi, na samu ta fifita."