Tulun Zumuntan Mata

Mama Tracy ta ɗaga labulen bayan gado, ba tulu. Sai zagayen gindinsa a kan siminti. Jikanta Daniel ne, ba sai an gaya mata ba. Sati guda yana cika mata kunne da wani wasan kiɗa da ake yawo da shi gari-gari, ƙungiyoyi rututu masu jita da gashi har kafaɗa, wai an sa tasu ƙungiyar ta buɗe fage.

Tulun nan ba na ruwa ba ne, na kiɗan zumuntan mata ne a coci. Gobe kuma ake jana'izar aminiyarta Esther a unguwar Narayi. Ranar da aka binne mijin Mama Tracy, Esther ce ta buga tulu har hannunta ya kumbura. Irin wannan ba ya wuce wa Mama Tracy. Kafin Esther ta rasu, ta je har asibiti ta ce mata, "Naki ni zan buga."

Ta ɗaura zani ta tari Keke Napep. Tun daga gada take jin ƙarar kiɗan a ƙirjinta, kamar ana nika duwatsu. A ƙofar filin wasa wani ƙato ya tare ta.

"Mama, ina tikitinki na ɗaurawa a hannu? Ba shi, ba shiga."

Ta ɗaga kai ta ƙare masa kallo. "Yahaya. Ɗan Zainab na Unguwar Sanusi. Lokacin da uwarka ke kwance a asibiti, bayan wa ka yi wa fitsari?"

Ya sosa ƙeya. "Mama, aiki ne..."

"Ni ma aiki ya kawo ni. Matsa."

Ya matsa.

Rana ba ta faɗi ba, gwaji ake yi, filin duk wayoyi da lasifikoki kamar ɗakuna. Can ta hango Daniel bisa dandamali, ba riga, ya zura makirufo a bakin tulunta yana zabga masa sandar ganga. Sanda! Tulun da ita ba ta taɓa bugawa da komai ba sai soso.

"Daniel!"

Ba ta ce "maigidana" ba yadda ta saba tsokanarsa. Sandar ta faɗi daga hannunsa.

"Kaka! Wallahi da safe zan dawo da shi..."

"Ka tambaye ni? Na mutu ne da za ka fara rabon gado?"

"Kaka, mutane na kallo."

"Su kalla! Ai kallo suka zo."

Ta hau matakalar tana riƙe gwiwa. Ta fizge makirufon ta yar, ta shafa cikin tulun. Yatsanta ya ci karo da tsaga, siririya, daga wuya zuwa ciki. Ta buga bakinsa da tafin hannu. Maimakon zurfin nan da ke sa ta kuka a coci, sai wata dusasshiyar murya, kamar tsohon da mura ta kama.

Wani mai gashi ja, jita rataye a wuya, ya yi tsalle don daɗi, yana Turancin buroka. "Mama, dat sound na faya! Sake bugawa!"

Ta juya ta dube shi, har sai da ya koma bayan lasifika.

"Zan saya miki wani," in ji Daniel a hankali.

"Esther ta san wani? Wannan ta sani. Da shi ta raka kakanka."

Ya sunkuyar da kai. Ta kwance ɗankwalinta ta naɗa gammo.

"Shi zan buga gobe, a haka. Kai kuma za ka tsaya kusa da ni a bakin kabari. Duk wadda ta tambaya me ya sami tulun, ba ni zan amsa ba."

"Kaka, motarmu da safe za ta wuce Jos. In ban bi ba, wani za su sa a gangar."

"To."

Ta ɗora tulun a ka, ta juya. A bakin matakala gwiwar ta ƙi. Ta tsaya, ba ta waiwaya ba, ba ta kira kowa ba. Jitoci suka sake ɓarkewa a bayanta.

Sai ta ji an ɗauke nauyin daga kanta. Daniel ne.

"Riƙe shi ta ƙasa," ta ce. "Ba ta wuya ba, sakarai."