Suna Ɗari Huɗu, Hannu Ɗaya

Ƙafar Inna ce ta shigar da ni kwamitin unguwa. Ciwon suga ya buɗe mata gyambo a dunduniya, kullum da safe sai na riƙe hannunta mu taka zuwa ƙaramin asibitin da ke bayan famfo, Sista ta wanke ta ɗaure. Tafiyar minti biyar ce, da hutu biyu a hanya. Wata safiya muka tarar da takarda manne a ƙofa: ƙarshen wata za a rufe, kowa ya koma babban asibiti, can tsallaken gada, mota biyu.

Aka taru a rumfar Baba Wanzami. Anti Tela, wadda ta fi kowa baki a layinmu, ta riga ta je ofishin lafiya ta dawo da labari. In mutum ɗari huɗu na unguwa suka sa hannu kafin ƙarfe huɗu na Alhamis ta sama, dole a saurare mu kafin a sa kwaɗo.

"Wa zai zaga da takardar?" in ji Baba Wanzami.

"Ga mai ƙaiƙayin ƙafa nan," Anti Tela ta nuna ni da haɓa. "Ya bar makaranta, ya bar gareji, ya bar shagon waya. Yau dai yawonsa ya yi rana."

Aka kwashe da dariya. Daga ranar kowa Sakatare yake ce min.

Kwana tara ina zagawa. Kanikawa suka sa hannu da baƙin mai a yatsunsu. Matan da ba su iya rubutu ba suka dangwala, da tawada ta ƙare muka koma bular wanki. A wurin mai markaɗe tumatir ya fantsamo wa shafi biyu. Wani tsoho ya ɗauki minti goma yana zana sunansa, hannu na rawa, ya rantse ba mai rubuta masa. Ruwan sama ma ya taɓa ritsa ni a hanya. Ranar Laraba da la'asar na ƙirga: ɗari huɗu da sha bakwai.

Na baje takardun a kan tabarma, sai kunya ta kama ni. Sun yi kama da abin da aka tsinto a bola. A makaranta abu ɗaya ne ban taɓa shan bulala a kansa ba, kyan rubutu, kuma na sha ganin malami ya yaga littafin ƙazami a gaban aji. Ga shi dama mutanen cikin gari unguwar 'yan datti suke ce mana. Na ce wallahi ba za su gani a takardarmu ba.

Na sayo farar takarda, na ja layi da rula, na kwafe sunayen kaf. A gaban kowane suna na yi 'yar lanƙwasa a madadin sa hannu. Tsofaffin kuwa na miƙa wa mai gyaɗar bakin titi, wadda kullum take roƙon takardar ƙunshi.

Alhamis da hantsi ni da Anti Tela muna gaban akawun ofishin lafiya. Fanka na juyi, fayil-fayil sun kai kafaɗarsa. Ya buɗe shafi na farko, na biyu, na biyar. Ya cire tabarau.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe." Har da ɗan gyaran murya.

"Duka?"

"Duka."

"To kai ne mutum ɗari huɗu?" Ya turo min takardun. "Samari, wannan sunansa jabu. In na shigar da shi, kai za a fara kamawa. Ina na asalin, wanda mutane suka taɓa da hannunsu?"

Anti Tela ta juyo a hankali. Ta zuba min ido.

Da gudu na isa wurin mai gyaɗa. Shafi uku suka rage a ƙarƙashin farantinta.

"Ai jiya kasuwa ta yi kyau, Sakatare," ta ce. "In akwai wasu ka kawo."

Muka rabu biyu don sake tara sa hannu, Anti Tela ta ɗauki layin famfo, ni na ɗauki na gareji. Amma tsakar rana ce ta ranar aiki. Magina suna wurin gini, direbobi suna hanya, rabin matan suna kasuwa. Wanda na samu sai ya tsaya tambaya: ba na sa ba rannan? Ina waccan? Tsohon nan mai rawar hannu ya dube ni kawai ya mayar da ƙofarsa. Huɗu saura kwata muka koma da ɗari da sittin da uku.

Akawun ya buga hatimi, ba tare da ya ɗago ba. "Na karɓa, amma ba ta kai ba. Sai zama na gaba, bayan wata shida."

Da yamma rumfar Baba Wanzami ta cika har titi. Babban kanike, wanda na taɓa yi wa aiki, ya tsaya a kaina.

"Faɗa mana gaskiya, su wa suka saye ka?"

"Oga, wallahi..."

"Kar ka rantse! Matata wata takwas gare ta. A kan gada za ta haihu?"

"Ku bar shi," in ji Baba Wanzami. "Mai hannu a aljihu ba ya fasa tulu. Ku da kuka iya, me ya hana ku zagawa?"

"Ba sayar da mu ya yi ba," Anti Tela ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kunyarmu ya ji. Ni wannan ya fi min ciwo."

Da ma marina ta yi, da ya fi min sauƙi. Aka tsayar za a sake tarawa, wannan karon mutum uku, kuma takarda a shagonta za ta riƙa kwana. Ba wanda ya ambaci sunana, ba wanda ya ce na tashi.

Ranar ƙarshen wata na kai Inna kamar kullum. An riga an kwashe benci, an naɗe labule, kwalaye jere a bakin ƙofa. Sista ta zaunar da ita a kan kwali, ta warware bandejin. Warin ya bugo ni, na juya zan fita yadda na saba.

"Dawo nan," in ji Sista. "Wannan ƙafar ba za ta iya mota biyu kullum ba. Sau ɗaya a sati za ka kai ta. Sauran kwana shidan kai ne ni. Wanke hannu."

Na wanke. Ta ba ni safar hannu da auduga.

"Daga tsakiya zuwa waje, kar ka dawo da audugar ciki. In ka ga gefen ya fara baƙi, ko zazzaɓi ya kama ta, kar ka jira gari ya waye, kar ka jira kowa. Kana jina? Ƙafar za a yanke."

Na taɓa gyambon. Inna ta ja numfashi ta damƙe kafaɗata.

"Sista," ta ce, "wannan da ko shayi ba ya iya jira ya huce?"

"Zai koya, Inna."

"Yi a hankali, ɗan nan. Guda biyu ce gare ni, ba ta uku."

Na ɗauki sabuwar auduga. Sista ta riƙe min wuyan hannu, muka sake farawa daga tsakiya.