Baƙin Tukunya a Goshin Maraƙi

Tun da bijimin ubangiji Pitah ya mutu a birnin Mennefer ƙasar ta shiga makoki. Ba kiɗa, ba rawa, ko mai tallan kifi murya ƙasa-ƙasa yake kira. Bayin Pitah kuwa, masu aski ƙwal da fararen tufafi, sun bazu cikin jirage suna bin ƙauyukan bakin kogi, suna duba duk wani baƙin maraƙi da aka haifa, don ubangijin ba ya barin wani jiki sai ya shiga wani. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: fari mai kusurwa uku a goshi, siffar fikafikan ungulu a gadon baya, da buzuzu a ƙarƙashin harshe.

A cikin kwanakin nan ne Tameri ta lura hannun mijinta Horuja ya canja. Kullum in ya dawo daga wurin shanu da safe, ƙarƙashin faratansa baƙi ƙirin. Tukunyar da take dafa wake kuma, wadda gindinta ya shekara bai ga wanki ba, sai ga shi an kankare shi tas.

"Maigida," ta ce, tana nuna wadan nan mai zaro harshe da ke zane a bangon ɗakinsu, "Bes ne ya fara saukowa yana taya ni wanke-wanke?"

"In shi ne, sai ki gode masa," in ji Horuja. Bai ɗago kai ba, ya ci gaba da tsoma gurasa a cikin giyar sha'ir.

Ba tukunyar kaɗai ba. Baƙar saniyarsu ta haihu a fadama, amma tun da ya dawo da ita gida ya kewaye turken da zana. Ya hana Tameri kai dusa. In sauran shanu sun tafi kogi, a tulu yake ɗauko wa maraƙin ruwa.

Tameri ba ta manta da wani mutum ba, tun tana ƙarama, wanda ya gyara wa maraƙinsa goshi da farar ƙasa don a ɗauke shi a kai shi Mennefer. Ta ga lokacin da aka wuce da shi a jirgi, an yanke masa hanci, za a kai shi fasa dutse a hamada. Yanzu duk sanda ta kalli hancin Horuja sai ta tuna da mutumin nan. Abin da zuciyarta ke raya mata shi ne maraƙin nan dabbare-dabbare ne, mijinta yana shafe farin da baƙi don ya bar daidai abin da ake nema.

A bakin kogi ta haɗu da maƙwabciyarsu, tsohuwa Mutirdis, mai layun idon ubangiji Horus har uku a wuya, kamar nata biyun ba su ishe ta leƙen gidajen mutane ba.

"'Yar nan, maraƙinku amarya ne da ba a ganinsa?"

"Zawo yake, Inna."

"Zawo? Bangonmu ɗaya fa, da na ji wari." Tsohuwar ta matse tsummanta. "Jirgin masu farin kaya yana ƙauyen gaba, gobe nan za su tsaya. Ni dai in an tambaye ni ba na ƙarya. Lallaɓa zuciyata nake, kada ta fi gashin tsuntsun Ma'at nauyi ranar awon zukata a lahira."

Da rana ta take, Horuja na gona, Tameri ta jiƙa tsumma ta ɗaga zanar ta shiga. Saniyar na ɗaure a gefe guda, maraƙin a ɗaya gefen, nesa da harshen uwarsa. Baƙi ne wuluk daga hanci har wutsiya. Ta kama kansa ta goga masa tsumman a goshi, tana jiran ganin farin da ba shi da kan gado.

Sai ga kusurwa uku, gefensu a miƙe kamar an ja da zare.

Ta ƙara gogawa da ƙarfi ko farin zai fita. Bai fita ba, gashinsa ne. Ta goge gadon bayan, fikafikai suka bayyana. Ta buɗe bakinsa, ta ɗaga harshen mai yauƙi, ta ga buzuzun a kwance. Ta zube a cikin kashin shanu. Daga nan ƙasa ne idonta ya kai kan kunnensa na hagu. A tsage yake, tsaga biyu, shaidar gidan su Horuja tun kakanni.

A haka Horuja ya same ta. Ya jingina fartanyarsa, ya tsuguna can gefe.

"Cikin laka ta haife shi," ya ce. "Ba a ganin komai a jikinsa. Na tsaga kunnen kafin uwar ta lashe shi, yadda babana yake yi, don kada makiyayan ƙetare su ce nasu ne. Da ta lashe na gani. Ina dawowa gari na ji bijimin ya mutu a ranar."

"Ya yi kuka?"

"Da gwiwata na danne wuyansa, Tameri. Har zaginsa na yi."

"Me ka ce masa?"

"Ɗan banza."

Ta rufe baki da hannu. Ita kanta ba ta san ko dariya ce ke taso mata ko kuka ba.

"Wanda ya yi ƙarya da farar ƙasa hanci aka yanke masa," in ji Horuja. "Wanda ya sa wa ubangiji wuƙa fa, me za a yanke?"

Ta tashi ta ɗauko kaskon da ya ɓoye a bayan zana, mai baƙin tukunya kwaɓe da kitse. Ita ta shafa da kanta, tana roƙon gafara a ranta. Washegari da safe suka sake shafawa, suka dirje hannuwansu da kanwa har suka yi ja.

Hantsi ya dubi ludayi Mutirdis ta shigo, bayanta bayin Pitah biyu, tsoho da matashi, bayansu kuma rabin ƙauyen. Tsohon, Nesmin, bai ko kalli maraƙin ba. Igiyoyin ya tsaya yana kallo.

"Me ya raba uwa da ɗa?"

"Yana shanye nonon ne, ranka ya daɗe," in ji Horuja.

"Ku kwance ta."

Saniyar ta nufi ɗanta kai tsaye, ta sa harshe a goshinsa. Lasa ɗaya, biyu, farin ya fito fili. Mutirdis ta rangaɗa guɗa, mutane suka fara zubewa ƙasa. Matashin ya goge bayan da gefen mayafinsa, ya ja da baya yana ambaton sunan Pitah.

Nesmin ya matso a hankali. Ya shafa goshin, ya shafa wuyan, sai yatsunsa suka tsaya a kunnen. Ya daɗe yana murza tsagar.

"Aikin wa?" ya tambaya, da muryar da ba ta wuce su uku ba.

Horuja ya dubi Tameri.

"Wuƙar gidanmu ce, ranka ya daɗe," Tameri ta ce. "Cikin laka, kafin a ga komai."

Tsohon ya dube ta, ta sunkuyar da kai. Sannan ya juya wa jama'a baya, ya tare maraƙin da jikinsa, ya buɗe bakin. Daga inda take durƙushe Tameri na ganin babban yatsansa ya rufe buzuzun a ƙarƙashin harshen. Ya saki, ya goge hannu.

"Ba komai a ƙarƙashin harshe. Maraƙi ne. Ku tashi."

"Baba, bari ni ma in duba," in ji matashin.

"Idona kake tuhuma?"

Matashin bai daina kallon bakin maraƙin ba.

"To baƙin tukunyar fa?" Mutirdis ta ɗaga murya. "Wa yake yi wa maraƙi kwalli?"

"Maganin ƙuda ne, Inna," in ji Tameri. "Zan aiko miki da shi."

Wasu suka yi dariya, taron ya fara watsewa. Da Nesmin zai fita ya rage tafiya daidai inda take, kamar yana gyara takalminsa.

"Wanda ya shiga Mennefer da ubangiji mai tsagaggen kunne, shi za a fara tambaya," ya ce. "Kada karkiya ta hau wuyansa. Kada wuƙa ta sake taɓa shi."

Jirgin ya wuce. Kafin ambaliyar kogi ta janye aka ji an sami bijimin a wani gari na arewa, ganguna suka dawo. Hancin Horuja na nan a fuskarsa.

Maraƙin ya girma ya zama bijimi, ƙato, mai sheƙi. Lokacin huɗa mutane kan tsaya su yi wa Horuja tsiya, yana fama da fartanya cikin rana, bijiminsa na kwance a inuwar durumi yana tuƙa. Mutirdis ba ta cikin masu dariyar. Sau da yawa Tameri kan tsinci damin ɗanyar ciyawa a gindin zana, ta ɓangaren bangon tsohuwar, kuma ba wadda ta taɓa yi wa wata maganar.

Gurasar farko da ta fito daga tanda kullum ta bijimin ce. Horuja ke kai masa, kansa a ƙasa. Tameri kan tsaya daga bakin zana tana kallo, don ta lura da wani abu da ba ta faɗa wa mijinta ba. Ko ta wane gefe ya ɓullo, sai bijimin ya juya masa kunnen hagu kafin ya karɓa.