Firjin Ulysse

Akwai doka ɗaya da kowa ya sani a ƙauyen Anse Caillou, a bakin tekun Louisiana: in ambaliya ta janye, ba a buɗe firji. A naɗe shi da salatif, a fitar waje, motar shara ta kwashe. Wanda ya taɓa shaƙar jatan landen da ya kwana tara babu wuta ba ya neman ƙarin bayani.

A bana ruwa ya kai har tagogi, ya ɗauki firjin wannan ya ajiye a lambun wancan. Da mutane suka dawo, kwamitin agaji ya sa aka tattara su a filin coci, guda arba'in da uku, duk farare, duk a naɗe. Shugabar kwamitin kuwa ita ce Eulalie, matar Ulysse Cheramie.

Ulysse masunci ne, kuma shi ne makaɗin ƙauyen. Akodiyarsa, abin kiɗan nan mai zuga-zugi irin na maƙera, gadon mahaifinsa ce. Ranar da za su gudu mota ta cika, saura wuri ɗaya. Eulalie ta ce ya zaɓa, ko akodiya ko mahaifiyarta. Ya ɗan jima yana tunani, abin da har yau ba a yafe masa ba, sannan ya ɗauki surukarsa. Akodiyar kuwa ya ƙunshe ta cikin leda uku, ya tura ta cikin babban firjinsu a kan jatan lande, tunda ruwa ba ya shiga can. Bai gaya wa kowa ba.

Yau ga shi Alhamis, motar shara za ta zo da rana tsaka, jibi kuma za a yi rawa don mutane su ɗan manta da laka. Ulysse ya ja maƙwabcinsa Clovis gefe, ya faɗa masa gaskiya.

"A firji?" in ji Clovis. "Kai, tsufa bai yi maka rana ba. To wanne ne naka?"

"Fari ne."

"Madalla. Ka rage mana aiki."

"Madaurin akodiyar ya tsinke," in ji Ulysse. "In aka girgiza ta, nishi take yi. Kai ka girgiza, ni in saurara."

Haka suka bi layi, Clovis yana jijjigawa, Ulysse ya manna kunne kamar likita. Maza suka bar kankare laka suka zo taya su, kowa da shawararsa. A firji na goma sha ɗaya aka ji wani dogon nishi.

"Ita ce! Na san muryarta!"

Kafin a hana shi ya yanke salatif. Abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Ƙaguwar Clovis ce da kansa, buhu biyu. Maza suka watse, Fadan cocin da ke tahowa da butar kofi ya juya ba sallama, wani kare ma ya tsallake shinge.

Eulalie ta iso, ta toshe hanci da gefen riga.

"Wane marar tsoron Allah ne ya buɗe?"

Yatsu goma suka nuna mijinta. Ulysse ya cire hula, ya yi bayani ƙasa-ƙasa. Ta dube shi har ya fara murza hular.

"Shekara talatin da takwas kana cin abincin da ke fitowa daga firjin nan, amma ba ka san kamanninsa ba?"

"Ai cikinsa nake dubawa, uwargida."

Daga nesa aka jiyo ƙarar motar shara tana hawa gada. Eulalie ta dubi motar, ta dubi tsohon nata, wanda idonsa ya kawo ruwa, ba duka saboda ƙaguwa ba. Sai ta taka zuwa ƙarshen layi, ta dafa wani mai lotsattsen gefe.

"Ga inda ka buge shi da mota bara, ka ce ƙanena ne ya buge. Ku kai shi bayan maƙabarta, inda iska ke kaɗawa teku. Shi kaɗai zai buɗe."

Ya buɗe shi kaɗai. Akodiya ta fito a bushe, ko ɗigon ruwa babu.

Ran Asabar da la'asar zauren coci ya cika. Ulysse ya ja zuga-zugi, ya matsa, kiɗa ya fito garau, sai dai bai fito shi kaɗai ba, har da warin jatan lande. Layin gaba ya koma baya, aka buɗe tagogi, daga ƙarshe Eulalie ta ba da umarni a koma kan gadar jiragen ruwa, makaɗi can ƙarshe, masu rawa ta inda iska ke fitowa. A nan aka yi ta rawa da takalman roba har rana ta faɗi.

Mutum ɗaya ce ta zauna kusa da shi, surukarsa, wadda hancinta ya daina aiki tun tuni.

"Ɗan nan," ta ce, "da na san haka take da daɗi, ai da na bar mata kujerar."