Wayar Mai Haƙar Rijiya

Shekara ta uku ke nan damina na ɗaukewa gero yana bunni. Rijiyoyi sun ƙafe daga Gatawa har Sabon Birni, aikin haƙa kuwa ya yi yawa, amma Ɗanmusa mai haƙar rijiya yana zaune gida. Kwamitocin ƙauyuka yanzu ta waya suke aiko saƙo da hoton wuri, wanda ya riga amsawa shi ke samun aiki. Wayar shafawa da ya saya kuwa ba ta jin yatsunsa, don laka da igiya sun mayar da su kamar ƙahon rago. Aiki biyu ya rasa a wata guda.

Ranar kasuwar garin Isa ya zagaye rumfunan waya kaf. Guda ɗaya tak ya samu mai madannai a ƙasan gilashi, wadda kuma take karɓar hoto, ita ma a rumfar Wada. Bara mutanen unguwar su Wada sun kira Ɗanmusa haƙar rijiya, ya duba fili, ya murza ƙasa, ya ce babu ruwa, ya tafi abinsa.

Ya yi sallama. Wada ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

"Waccan mai madannai nika so, yaro."

"Yaro yana gida, Baba. Ga masu shafawa nan, zaɓi."

"Ba su jin hannuna."

"Ashe? Kai da ka jin ruwa ƙarƙashin ƙasa, gilashi yag gagare ka?"

Masu zaman benci suka yi dariya. Ɗanmusa ya miƙa hannu ya ɗauki wayar, ya danna. Harafi ya fito. Ya sake dannawa, wani ya fito, kowane maɓalli yana ɗan ƙas a ƙarƙashin yatsansa. Wada ya fizge ta.

"Ba ta sayarwa ba ta. Uwata, da tsufanta, tana tahiya hal bakin gulbi da jarka ɗibar ruwa. Kai ko ƙasa ba ka tona ba kac ce babu."

"Don babu na. Dutse na ƙarƙashinku."

"Kai ka shimfiɗa shi?"

"Ubana ya haƙa nan kahin a haihe ka."

"To ɗansa shi sake. Zurhin gaba goma sha biyar. Ka haƙa, in saida maka. In ba haka ba, ka tahi Sakkwato nema."

Ɗanmusa ya dubi wayar a hannun Wada. Shekara talatin bai taɓa sara ƙasa ya tashi a banza ba, sunan nan shi ne jarinsa. Rijiya ɗaya busasshiya, kafin sati labarinta ya kai Gatawa. Amma tafiya Sakkwato kwana biyu ce, hanya kuma ba lafiya, gobe kuma wani kwamitin zai aiko saƙo.

"Za ni haƙa," ya ce. "Ku shaida, na hwaɗa babu ruwa. Kuma in an kai gaba goma sha biyar, kai za a ɗaura ma igiya ka sauka ka ɗebo ƙasar ƙarshe, ka kai ma tsohuwa da hannunka."

Dariyar benci ta mutu. Wada ya dube su, ya ga duk shi suke kallo. Ya tura wayar kan tebur da ƙarfi har ta kusa faɗuwa.

"Asabar ka hwara haƙa," ya ce.

"Ka zo da igiyarka," in ji Ɗanmusa. "Tawa ba ta ɗaukar mai ƙiba."