Darar Kulu a Tashar Birnin Kudu

Kulu ta riga mijinta saukowa daga motar Gwaram, ta tsaya da jakar magani a hannu tana jiransa. Malam Badaru ya sauko a hankali, kwandasta ya taka masa gefen riga, bai ce uffan ba. Wannan shirun ne ke cin ran Kulu. Mutumin da ya yi shekaru yana tuƙa motar ma'aikatar gona a Kano kafin a yanka Jigawa ya dawo gida, ai a da sai kwandastan nan ya ji tarihin kakanninsa kafin a bar tasha.

Tun da damina, da aka binne amininsa Sada, bakin Malam ya mutu. Sada abokin dararsa ne. Kullum bayan la'asar suna ƙofar gida suna ci da tsiya, wannan ya ce an yi masa maguɗi, wancan ya rantse, har sai magariba ta raba su. Da Sada ya tafi, Malam ya shige ɗaki, ya bar abinci, barci ya ƙaurace masa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Liman Abdulsalami ya zo ya yi addu'a ya tofa masa, sannan ya ce a kai shi asibiti, domin wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani. Bai tsaya nan ba, ya danƙa wa Malam makullin masallaci, wai shi tsufa ya hana shi sammako. Kowa ya san liman garau yake, amma dole Malam ya riƙa fita da asuba yana taka sayyadarsa har bakin kasuwa, don kada jama'a su yi salla a waje. Ita kuwa Kulu ta tsare shi da fura da kwaɗon zogale, ta tsaya a kansa sai ya haɗiye ƙwayoyin asibiti.

Yau a asibitin Birnin Kudu, da likita ta ɗora shi a sikeli sai ta yi murmushi. Jiki ya dawo, barci ya dawo, salla ba ta wuce shi. Sai ta juya ga Kulu ta tambaya ko yana dariya, ko yana faɗa kamar da. Kulu ta girgiza kai. Ta ba ta labarin yadda maƙwabta, Salihu mai shayi a gaba, suka haɗa baki suna zuwa yin dara da shi, kowa ya bari Malam ya cinye shi don ransa ya yi fari. Ba a jima ba ya share guraben da ƙafa, bai sake zama ba.

"Likita, ni ba yaro ba ne," in ji Malam, idonsa a ƙasa. "Salihu ya ga ci a gabansa ya kau da kai. Dubiya suke zuwa yi mini da duwatsu."

Likita ta ce a ci gaba da magani da tafiya da masallaci, amma zuciya ma tana da nata abincin. In wata ya zagayo bai sake ba, za ta tura shi Kano a kwantar da shi a ƙara dubawa. Kulu ta san mijinta, in aka kwantar da shi a cikin baƙi, ɗan abin da ya rage na maganarsa ma tafiya zai yi.

Da suka koma tasha motar Gwaram ba ta cika ba. Suka zauna a inuwar darbejiya kusa da wata mai gyaɗa. Malam ya zuba wa ƙasa ido. Kulu ta dubi yashin da ke gabansu, ta dubi mutanen tasha, kunya ta kama ta tun ba ta yi komai ba. Mace mai jikoki, a tsakiyar tasha! Amma ta tuna Kano, sai ta gyara mayafi ta durƙusa, ta shiga fafe gurabe da yatsa. Ta tsinto tsakuwa ta tara a gabanta, ta kakkarya kara ta tura gabansa.

Malam ya ɗago ya tambaye ta abin da take yi. Ta ce dara za su yi kafin mota ta cika. Ya ce yaushe mace ta san dara. Ba ta gaya masa cewa mahaifinta ya koya mata a garinsu Surko tun tana tallan fura ba, balle ta ce duk shekarun nan tana bayan zaure tana tankaɗe tana kallon kurakuransa shi da Sada. Ta dai ce, "Kasa mu gani, Malam."

Ya kasa kararensa a gurabe da sanyin jiki, irin na mai jiran a sake yi masa sadaka. Kulu ta jera uku ta ɗauke masa kara ɗaya. Ya yi tsaki. Ta sake jerawa ta ɗauke wani. Nan ya gyara zama, ya tura hula ƙeya. Kafin ya farga ta toshe masa kowace hanya, tana ci tana ajiyewa a gefen zaninta kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Direbobi da 'yan acaɓa suka fara zagaye su. Wani ya raɗa mata ta sassauta wa dattijo. Kulu ta yi kamar ba ta ji ba, ta share masa fage tas.

Malam Badaru ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce maguɗi ne, ya ga lokacin da ta matsar da dutse da gefen mayafi. Ya kira mai gyaɗa shaida, mai gyaɗa ta ce ita ba ta ga komai ba sai ci. Ya ce ai dama mata bakinsu ɗaya. Tasha ta kwashe da dariya. Kulu ta sunkuyar da kai, daɗi ya cika ta har tana jin hawaye, domin rabonta da jin wannan masifar tun ranar da aka ɗauki Sada.

"Wannan toshiyar ta Sada ce," in ji shi, yana nuna gurbin gefe. Wannan ne karo na farko da ya ambaci sunan tun rasuwar. Ya share ido da hannun riga, sai kuma dariya ta ƙwace masa. "Allah ya jiƙan ɓarawo. Ashe ya bar mini magajiya a cikin gidana."

Jama'a suka amsa da amin. Kwandastan nan da ya taka masa riga ya leƙo ya ce saura mutum biyu mota ta tashi, Baba da Inna su taho. Malam ya ko ɗaga masa hannu ya ce ya nemi wasu, kuma in ya sake taka rigar mutane zai gane kurensa. Motar ta cika ta tafi ba su.

Ana cikin sake kasawa aka kira la'asar. Malam ya karkaɗe rigarsa zai nufi masallacin tasha, har ya yi taku kaɗan ya dawo. Ya roƙi wani direba ya tsaya a kan guraben, kada matar nan ta taɓa masa ko kara ɗaya kafin ya idar.

Kulu ta bi bayansa da kallo, yana tafe yana mita shi kaɗai. Mai gyaɗa ta matso ta ce mata, don Allah wannan karon ta bar shi ya ci, ko don idon mutane.

Kulu ta tashi neman ruwan alwala tana murmushi. "Ni da nake so ya warke?"